Ranar da Halawa ta Ɗauke Min Fata

Ƙuraje sun fara fito min tun ina aji biyar a sakandare, na gama makarantar su ba su gama da ni ba. Da na dawo zama gidan yayata a Gwarinpa, ita ce ta gaji da ganin ina matsa su, ta kai ni wajen wata likitar fata. Likitar ta rubuta min maganin shafawa mai santsi, jel suke ce masa, wanda sai da takardarta ake sayarwa. Ta ce in shafa kamar ƙwayar wake kafin in kwanta, in guji rana, kuma kada in tsorata idan fuskar ta bushe tana saɓa. Haka kuwa aka yi. Ta bushe, ta yi raɗaɗi, sannan a hankali ƙurajen suka fara kwanciya. Har oga a shagon turaren da nake aiki ta ce na fara zama mutum.

Ana haka bikin 'yar ƙanwar mamanmu ya taso, aka sa ni cikin ƙawayen amarya. Aka ɗauko mai gyaran jiki 'yar Maiduguri, babbar mace, kowa Hajja yake ce mata. Da ta gama da amarya sai aka ce mu ma ta yi mana halawa, wato sukari da lemon tsami da ake dafawa har ya yi danƙo, a manna a fata a fizge gashi da shi. Ni hannu da ƙafa kawai na yi niyya. Sai Hajja ta kama haɓata ta juya ta wajen haske.

"Ke 'yata, wannan gashin bakin fa? Da ango za ki yi gasa?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, na miƙa mata fuskar. Ta tambaye ni ko ina shafa man ƙara haske, don ba ta taɓa fatar masu bilicin. Na ce mata a'a, kuma gaskiya na faɗa. Abin da nake shafawa magani ne daga hannun likita, a tunanina ba ya cikin sahun mayukan da take nufi. Ko a raina bai zo ba.

Ta manna a saman leɓena zuwa gefen kumatu, ta fizge. Zafin ba irin na ƙafa ba ne, kamar an ɗora min bayan cokali daga wuta. Na ga ta tsaya tana kallon halawar da ke hannunta, akwai wani abu siriri a jiki kamar ɓawon albasa. Wurin ya yi ja, yana tsattsafo ruwa. Hajja ta riƙa salati a hankali, tana cewa tun ba a haife ni ba take wannan sana'a, ba ta taɓa ganin fata ta biyo hannunta ba. Wata ta ce a shafa zuma, wata ta ce man kaɗanya, wata har ta tafi ɗauko makilin. Ina zaune kowa yana taɓa fuskata.

Washegari Yaya ta mayar da ni asibiti. Likitar ta ce jel ɗin yana sa saman fata ya yi laushi, ba a fizgar gashi a inda ake shafa shi. Ta ce in dakatar da shi, ta ba ni wani mai na daban, ta sake ja min kunne a kan rana. Na tambaye ta abu ɗaya da ya kawo ni.

"Likita, tabon zai tafi?"

"Yawanci yana dishewa," in ji ta, "amma irin fatarmu tana riƙe baƙi. Ba zan ce miki ga ranar ba."

Ban je bikin ba. Ciwon ya bushe ya bar baƙin shaci daga ƙasan hancina zuwa kumatu, hoda ba ta rufe shi. A shago na roƙi oga ta mayar da ni sito ina jera kwalabe, don duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni ko ƙonewa na yi. Ƙurajen kuma sun fara dawowa. Likita ta ce yanzu zan iya ci gaba da maganin, amma idan na matso shi a yatsa sai hannuna ya ƙi kai wa fuskar, in goge a tsumma.

Na daina yarda da idona, don wata rana sai in ga kamar ya yi haske, wata rana kamar ya ƙara faɗi. Kullum da safe kafin Yaya ta fita ofis nake tare ta a bakin ƙofa in ce ta duba min. Takan ɗaga haɓata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya ragu. Tun makon farko haka take cewa.