Lorna, Makaɗiyar Fasasshen Faranti

Na san Lorna Tveit a shekarar 1991, a wani gidan wanki da guga na garin Olympia, a Amurka, inda muke aiki tare. Doguwa ce, mai shekara ashirin da shida, ba ta da yawan magana. Da injinan wanki sun ɗauki juyi, sai yatsunta su shiga bin su a kan teburin ninke kaya.

Wata rana na ce, "Ke, me teburin nan ya yi miki?"

Ta ce, "Ganga nake so, Bev. Yayana ya ce sai mai ƙarfi, ba aikin mace ba ne."

"Shi ya taɓa ɗaga jiƙaƙƙun zannuwan otal?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sati biyu bayan nan ta sayi tsofaffin ganguna a wajen gwanjo.

Muka kafa ƙungiyar kiɗa. Ta ukunmu Marisol Quintero ce, ɗalibar aikin jinya mai rubuta waƙa a bayan takardun darasi. Ni na ɗauki jita, ko da yake ban iya abin kirki ba. Sunan ƙungiyar daga Marisol ya fito: ranar da mai gidan abincin da take wa aiki ya kai mata hannu, ta fasa faranti a gabansa ta fice. Muka zama Fasasshen Faranti. Waƙoƙinmu a kan irin waɗannan abubuwa suke, da iyayenmu mata da aka cire daga makaranta, da fito da ake mana a titi.

Wasanmu na farko a garin Tacoma aka yi, ranar Lahadi da la'asar, a zauren ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Muna shigar da kaya, mai haɗa sauti ya dube mu ya ce, "'Yan mata, ina samarin da kuka ɗauko wa kayan?"

Lorna ta ce, "Suna gida suna wanke-wanke."

Bai ji daɗi ba. Da muka fara, sai ya rage muryar Marisol har ba wanda ya ji kalma ɗaya. A mota Marisol ta yi ta kuka. Lorna ce ke tuƙi. Da muka kusa gida ta juyo.

Ta ce, "Ba za a ƙara kashe mana murya ba. Ni zan koya."

Ta aro littattafai, ta tara matattun lasifikoki a garejinta, ta yi ta ƙona yatsu wajen liƙa waya da dalma. Cikin wata shida ita ke haɗa mana sauti. Daga nan ta manna takarda a shagon kaset: duk macen da ke son koyon ganga ko gyaran kayan sauti, ta zo ranar Asabar, kyauta. Asabar ta farko mutum biyu suka zo. Kafin shekara sai an fito da kujeru waje.

Shekara bakwai muka yi muna yawo a tsohuwar bas ɗinta, muna cin burodi da man gyaɗa, muna kwana a falon mutanen da ba mu taɓa gani ba. Kaset uku muka fitar. Manyan gidajen rediyo ba su taɓa sa mu ba, amma wasiƙu sun yi ta zuwa daga ƙananan garuruwa. Wata daga jihar Nebraska ta rubuta cewa ita da ƙawayenta sun kafa tasu ƙungiyar, suna tambayar yadda ake hana makirufo ƙara. Lorna ta amsa mata da shafi huɗu, har da zane.

A 1998 mahaifiyar Marisol ta kwanta rashin lafiya a garin Yakima, Marisol ta koma jinyarta. Ba faɗa, ba komai. Na ce mu nemo wata mawaƙiya.

Lorna ta ce, "Ki nemo, ki kaɗa mata da kanki."

Ta kama tuƙin motar 'yan makaranta, ta shekara ashirin da ɗaya a kai. Asabar ɗinta kuwa ba ta taɓa fashi ba. Cikin waɗanda suka bi ta garejin nan akwai masu haɗa sauti, akwai malaman kiɗa, akwai wata da yanzu take cika manyan zauruka. Ita ce ta gayyaci Lorna ta hau dandali. Lorna ta je, ta zauna cikin jama'a, ta ƙi hawa. Ta ce, "Ranarki ce, ɗiyata. Na yi tawa."

Bara ta miƙa wa ɗalibanta biyu makullin garejin, ta koma kusa da ƙanwarta a bakin teku. Kunnenta na hagu ya daina ji. Ni da Marisol mukan kai mata ziyara, mu zauna ta gefen kunnenta na dama. A zuwanmu na ƙarshe na ce ko za mu gwada waƙa ɗaya.

Ta ce, "Bev, shekara talatin, har yau ba ki iya jitar nan ba. Zo ki taya ni ɓare ƙaguwa."