Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zai cinye ranar da aka kira ni tantancewa a wani ofishi a Kuala Lumpur.

Karatu ya kawo ni, aure ya zaunar da ni. Ɗan ƙasar na aura, muka haifi 'ya mace, daga baya hannunsa ya saba da jikina. Da na gudo da yarinyar na raɓe wajen wasu ɗalibai 'yan Kano a unguwar Wangsa Maju, sai na farga bizata a hannunsa take, don shi ke sa hannu duk shekara. Wata lauya ta haɗa min rahoton 'yan sanda da na asibiti, muka nemi zaman dindindin da hujjar 'yata 'yar ƙasa ce. In aka ƙi, jirgi zan hau ni kaɗai, yarinya ta koma gidansa.

Daga nan sai shiru. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Ina takardun nan suke kwana? Wa ke karanta su? Za a faɗa masa inda nake? Lauyar har ta gaji, amsarta kullum ɗaya, da irin "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana, "Haƙuri lah."

Ranar da aka kira mu, jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta tambayi duka, ta tambayi tabo, na amsa tiryan-tiryan. Sai ta nuna yarinyar ta ce, "Ya sunanta?"

Na sunkuyar da kai. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira na yayana ba. Na ce, "Yana cikin takarda." Yarinya ta jingino da ni, na ɗan zame, wai ni ga mai alkunya a gaban manya.

Jami'ar ta ajiye biro. "Ubanta ya ce ba ki damu da ita ba. Tun da kika shigo ko kallonta ba ki yi ba."

Na shiga yi mata bayanin al'adarmu. Ta gyara zama, ita ma ashe irina ce wajen tambaya. "To in za ta faɗa titi, me kike cewa?"

"Ke!"

Ta yi murmushi ta ce, "Kira ta in ji."

Na kira. Sunan ya yi min nauyi a baki kamar na aro shi. Yarinya ta waigo a firgice ta ce da Turanci, "Mama, laifi na yi?" Nan na rungume ta na fashe da kuka, a gaban babba, ba kunya ba komai.

An sabunta min zama ba da sa hannunsa ba, na dindindin kuma ya ɗauki shekarunsa kafin ya fito. Abin da na koya shi ne, alkunya sai inda aka san ta take da daraja. Inda ba a san ta ba, son da ka ɓoye babu shi za a ɗauka, kuma 'yata ce ta fara ɗauka haka, ba jami'ar ba.