Kwalbar Zumar Baba

"Cikin mi kunka kai hitsarin?"

Tambayar da Kawu Sani, ƙanen Baba, ya yi mana ke nan shekaranjiya a Goronyo, yana riƙe da takardar asibiti. Sati biyu da suka wuce awon fitsari ya nuna suga ya yi wa Baba yawa. Tun ranar ya bar shan fura, ya daina zuwa gonar albasa, har ya fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya yana wasiyya.

Shi kuwa Kawu ya tsufa yana koyar da ilimin sinadarai a jami'a, aikinsa awon jini da fitsari. A gida dariya ake yi masa, wai dakta ne amma ko allura bai iya ba.

Baba ya ce, "Robar da sunka ba ni ta ɓace. Ni ko ba ni kai ma likita ƙazanta cikin abin banza. Kwalbar zuma na ɗauko, ita ta hi kyau. Ai na ɗauraye ta."

Kawu ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Yaya, zumarka anka auna, ba kai ba!"

Washegari, kafin Baba ya karya, Kawu ya kai shi aka ɗebi jini. Jama'a, lafiya lau! Wallahi da girmana na daka tsalle a bakin asibiti.

Yanzu haka Baba na shan fura, yana cewa, "Ku ƙara ma Dakta." Bai taɓa kiransa haka ba sai yau.

Ku a gidanku, karatun wa kuke rainawa?