Gwangwanin Zobban da Na Ɓoye wa Baban Safiya

Shekara goma ke nan cif da rasuwar mijina, Baban Safiya, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan shige ɗaki ne in yi masa addu'a, in yi shiru da bakina. Bana kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Tun ranar Asabar ɗin da ta wuce nake ta kiran dangi a waya ina ba su labari, har Safiya ta gaji ta ce, "Mama, ki rubuta a jarida kawai ki huta, mu ma mu huta." To, ga shi na rubuta.

Ga wanda bai san shi ba, ma'aikaci ne a ɗaya daga ma'aikatun tarayya a nan Abuja, mutum mai sanyin hali da son guga a riga. Litinin zuwa Juma'a fayil yake ɗauka. Asabar da Lahadi kuwa sai ya koma mutumin shekara ɗari biyar da suka wuce. Shi ya kafa Zauren Mutan Da, ƙungiyar masu kwaikwayon rayuwar zamanin da ayarin raƙuma ke ratsa Sahara. Kowa zai zaɓi sana'a irin ta wancan lokaci, ya yi shigarta, ya koyi aikinta da hannunsa. Akwai fatake, da marina, da dukawa, da masaƙa. Shi ƙira ya zaɓa, har sunan ya bi shi, a ofis ma Maƙeri ake ce masa. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, babu sarki a Zaure, don ya ce idan aka yarda da sarauta kowane darakta rawani zai nema, a rasa mai hura wuta. Ta biyu, duk abin da ka sa a jikinka, hannun ɗan Zaure ne ya yi shi.

Ni dai ban so abin ba, kuma ban ɓoye ba. Na auri mai digiri biyu, sai ga shi yana dawo mini gida da baƙin gawayi har a kunne.

Rassan ƙungiyar ba a ce musu reshe, ƙofa ake cewa, kamar ƙofofin ganuwa. Ta farko ita ce Ƙofar Maitama, wadda ke taruwa a lambun gidan Alhaji Bashir, abokinsa tun jami'a, babban darakta a lokacin. Har yau in na tuna sai na yi dariya: direbobi da masu gadi sun jingina da motoci, sun saki baki suna kallon ogansu ɗaure da walki yana fama da zugazugi, hayaƙi na sa shi hawaye.

Ƙofa ta biyu a hanyar neman gawayi aka same ta. Baban Safiya ya je Yangoji, wajen Kwali, ya haɗu da Ɗanladi mai gyaran keke, jikan maƙera, da Malam Buba, makiyayi mai kawo fatu kasuwa. Da ya yi musu bayanin Zaure, Ɗanladi ya ce, "Oga, wannan abu da kuna kira zamanin da, ai mu da safen nan ma mun yi shi." Ya dawo gida yana ta maimaita maganar kamar an yi masa albishir. Kafin damina ta wuce, an buɗe Ƙofar Yangoji da manoma da makiyaya.

Sai dai ya san mutanensa. Ya san 'yan Maitama na ganin na Yangoji ba su karanta tarihi ba, su kuma na Yangoji na ganin waɗancan ko guduma ba su iya riƙewa ba. Don ya ɗaure su wuri ɗaya, sai ya kawo shawarar a saƙa rigar sulke guda, irin ta mayaƙan da, wadda ake yi da ƙananan zobban ƙarfe. Maitama ta yi gaba, Yangoji ta yi baya, a haɗa. Aikin ba wuya sai cin rai: a naɗe waya a jikin sandar ƙarfe, a yayyanka ta zobe zobe, kowane zobe a sarƙe shi cikin guda huɗu a matse da filaya. Da aka tambaye shi girman sandar, ya ce wa kowane ɓangare a waya, "Mai kaurin alƙalami."

Fiye da shekara suna abu ɗaya. Ranar haɗawa aka taru a wani fili mai itatuwan mangwaro kusa da Sheda. Na je, ba don komai ba sai don in kai abinci. Aka shimfiɗa tabarma, aka baje gaban riga da bayanta. Zobban Maitama ƙanana ne masu ƙyalli. Na Yangoji manya ne, baƙaƙe, waɗanda aka yi da wayar ƙafar keke. Ko makaho ya shafa ya san ba za su haɗu ba.

Alhaji Bashir ya ce, "Maƙeri, with due respect, wannan ai ragar kamun kifi ce. Alƙalami ka ce, ga alƙalami." Ya zaro siririn alƙalamin da yake sa hannu da shi a ofis.

Malam Buba ya sa hannu a jaka ya fito da alƙalamin kara, irin na rubutun allo, mai kauri kamar ɗan yatsa. Ɗanladi ya karɓa ya ɗaga sama ya ce wa Alhaji, "Oga, wannan naka mai ƙyalli, a zamanin da wane kasuwa ana sayar da shi?"

Baban Safiya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce laifin nasa ne, shi ya ba da awo da kalma mai fuska biyu. Amma su ba dariya suke ba. Alhaji ya ce sulken gaske ƙananan zobba gare shi, kuma gaskiya ya faɗa. Ɗanladi ya ce bisa dokar Zaure alƙalamin kara ne kaɗai alƙalami, shi ma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya yarda ya warware aikin shekara, ba kuma wanda ya yarda zoben ɗaya ɓangaren ya taɓa nasa. Daga ƙarshe Baban Safiya ya ce shi zai ƙera zobba matsakaita, ya ɗinke kafaɗu da gefuna da hannunsa. A kan wannan kaɗai suka amince: zoben Maƙeri, ba na kowa ba.

Daga nan gidana ya shiga uku. Zobe a kan kujera, zobe a aljihun wanki, zobe a cikin darduma. Ranar da muke da baƙi ɗaya ya faɗa injin markaɗe ya karya mini wuƙarsa. Wata rana Safiya ta tsamo ɗaya a lomar tuwo. Na samu gwangwanin madara na fara tara duk wanda na tsinta, ban mayar masa ba. Ina ma a nan na tsaya. Duk ranar da ya ɓata mini rai, sai in ɗebi cikin hannu daga kwanon da yake zuba su in ƙara. Gwangwani ya cika, na tura shi bayan buhun shinkafa a sito.

Ya gama kafaɗu, ya gama gefen dama, ya koma gefen hagu. Saura taƙi ɗaya a ƙarƙashin hammata ciwo ya kama shi. Hannunsa na iya matse zobe a hankali, amma naɗe waya da yanka ta sun fi ƙarfinsa. Wata ranar Lahadi da hantsi ya karkata kwanon ya nuna mini, babu ko ɗaya. Ya ce, "Maman Safiya, na auna su kafin in fara, ya kamata su isa. Ba ki ga wasu ba?"

Na ce ban gani ba.

Na sha gaya wa kaina cewa don likita ya ce ya huta ne. Akwai wannan. Amma babban dalili kunya ce, da tunanin in ya warke zan fito da su mu yi dariya. Ya dube ni ya yi murmushi, bai sake tambaya ba. Ko filayarsa ma ban ƙara ganinta a hannunsa ba. Mako uku bayan nan ya rasu. Wannan ƙarya ita ce abu mafi nauyi da na ɗauka a rayuwata. Gwangwanin ya zauna inda yake, shekara goma ban iya buɗe shi ba.

Bayan sadakar arba'in Alhaji ya ce mutanensa za su ƙarasa, Ɗanladi ya ƙi. Ɗanladi ya ce su za su ƙarasa, Alhaji ya ƙi. Sulke ya dawo durowata a naɗe cikin zane. Zaure dai bai mutu ba, sai ma bunƙasa da ya yi. Daga Maitama aka haifi Ƙofar Kubwa da ta Kaduna, daga Yangoji aka haifi ta Gwagwalada da ta Abaji. Amma gida biyu aka zama, 'yan siriri da 'yan kara, kowa da taronsa na shekara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi tsalle in ya ga 'yan matan Kubwa sun haƙa karofi suna rini da baba, hannuwansu shuɗi har gwiwa. Zai yi mita a kan samarin da ke ɗaukar bidiyo da waya alhali suna sanye da shigar fatake, sannan ya matsa kusa ya ce a nuna masa yadda ya fito. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne labarin da ya iso gare ni watan jiya, cewa ɓangarorin biyu sun shirya raba suna a bana, kowa ya kama gabansa.

Ranar na kira Alhaji da Ɗanladi gida. Dukansu sun yi furfura. Suka zauna nesa da juna a falo kamar masu jiran likita. Na ajiye gwangwanin a kan tebur, na faɗa musu komai, ban rage ba. Alhaji ya ce, "Hajiya, are you serious?" Murfin ya yi tsatsa, sai da Ɗanladi ya sa cokali ya ɓalle shi.

A saman zobban, filayar Baban Safiya ce a kwance, ƙaramar mai jan hannu, wadda na nema na rasa bayan rasuwarsa.

Ashe ya sani. Ashe ya lallaɓa har sito da ciwonsa, ya ga abin da na yi, bai ɗauki ko ɗaya ba, bai kunyata ni ba. Ya ajiye mini kayan aiki ya rufe. Na yi kuka a gaban baƙi, na kuma yi dariya, don wannan shi ne halinsa sak. Ɗanladi ya share ido ya ce, "Mama, Oga ya riga ya faɗi wanda za ta ƙarasa." Alhaji ya ce ba shi da ja.

Ranar Asabar ƙofofi shida suka haɗu a ƙarƙashin mangwaron nan na Sheda, karo na farko. Wayyo, ina ma kun gani! Marina da zannuwansu, fatake da buhunan gishiri, dukawa, masaƙa, Malam Buba da sandarsa ya tsufa tukuf yana ta gaisawa da daraktoci. Aka baje sulke a tabarma. Alhaji ya riƙe gefen ƙananan zobba, Ɗanladi ya riƙe na manya, ni kuma da ban taɓa matse zobe ba na durƙusa a tsakiya da filaya. Su biyun suna ta gardamar yadda zan riƙe ta. Kowane zobe ya shiga sai a ɗauki guɗa. Na ƙarshe shi ne wanda injin markaɗe ya lanƙwasa. Ɗanladi ya miƙe shi da guduma a kan dutse, Alhaji na riƙe masa. Maganar raba suna kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Rigar ba kyakkyawa ba ce, kada in yi muku ƙarya ta biyu. Gaba na ƙyalli, baya baƙi, ɗinkin hagu ya karkace inda hannuna ya bi. Amma an ɗaga ta sama, an jijjiga, ba ta rabu ba. Fayilolin da ya shekara ashirin yana ɗauka ban san inda suke ba. Abin da ya rage nasa shi ne mutanen da ba su da dalilin zama tabarma ɗaya, ga su suna cin tuwo a kwano ɗaya, da kuma haƙurin da ya yi da ni, wanda ban san girmansa ba sai bana.

Baban Safiya, ka tambaye ni ko na ga wasu. Na gani. Sun isa, kamar yadda ka auna. Allah Ya kai haske kabarinka.