Layin Da Ta Kasa Gogewa

Daga saman tsani, mai gyaran fanka yana hango allon kwamfutar matar da ta kira shi aiki. Doguwa ce siririya, tabarau a kan karan hanci, shayinta ya huce tun ɗazu. Yatsanta na ta shawagi a kan maɓallin gogewa, ta kasa dannawa.

"Malama, lafiya? Ko ta ƙi aiki ne?"

"Tana yi, Baba. Manhajar shafinmu ce, tana da fayil da take rubuta duk abin da ya same ta. A da, wuri ɗaya ta sani, cikin kwamfutar yayana. Yanzu na gyara, duk inda aka tayar da ita sai ta fara tambayar inda za ta ajiye rubutun."

"To ai shi ke nan."

"Saura layin tsohon adireshin, na kwamfutar yayan nawa. Shi ya rubuta shi da hannunsa."

Bai tambayi inda yayan yake ba. Ko tafiya ce mai nisa, ko wadda ba a dawowa, yadda take murza zoben azurfar da ya yi mata yawa ya ishe shi amsa.

Ba ta goge layin ba. Ta sa masa 'yar alama a gaba, ya dushe ya koma toka-toka. Manhajar za ta riƙa tsallake shi, amma yana nan.

Ya juya ga fankarsa. A aljihunsa, makullin gidan da shi da iyalinsa suka bari shekara tara ke nan, wanda shi ma ya kasa yarwa, yana ta karo da sauran makullai.