Tsanin Rumbu a Jikin Allo

Ran Litinin darakta ya kira ni gindin bishiyar dogon yaro ya ce sufeton lakwal, wato makarantun boko, zai zo daga Konni ran Laraba, kuma ajina zai shiga.

Lokacin ni ba cikakken malami ba ne. Gwaji aka ɗauke ni na shekara guda, aka turo ni wani ƙauye a gefen Tajaye, aka ba ni 'yan ajin farko a rumfar kara. Abin da sufeto ya rubuta a takardarsa shi ne hukunci: ko a tabbatar da ni, ko in naɗe tabarmata. Mahaifina kuwa ya riga ya nemo mini dakon buhun siminti a Malbaza, jira kawai yake in faɗi. Ni da ko tulu na ɗauka sai baya ya riƙe ni!

Darasin makon ba wani abu ba ne a ido. Ka ja layi a allo, ka sa sifiri a hagu, ka jera lambobi har goma a dama. Sai ka nuna wa yaro lambobi biyu, ka ce wacce ta fi? Doka ɗaya ce: wadda ke gaba ita ce babba. Kuma komai da Faransanci ake yi, don Hausa a cikin aji laifi ne babba, ga yaro da malami duka.

To, 'ya'yan nan sun so kashe ni. In na zuba tsakuwa bakwai nan, huɗu can, ba wanda ke kuskure, kowa bakwai yake wawura. Amma da an koma allo, na nuna huɗu da bakwai, sai yatsa ya tafi kan huɗu. Na nuna biyu da tara, sai biyu. Su duka, har masu kaifin kan. Ba su gama sanin surar lambobin ba tukuna, dokar kawai suke bi, ni kuwa na rasa ta inda dokar ke juye musu. Ina da saurin fushi, ba na musu. Ran Talata na buga sanda a tebur har ta rabe biyu, na yi ta ihu da yaren da ba sa ji, suna kallona kamar awaki a bakin rijiya.

Laraba da hantsi motar sufeto ta tsaya. Sufeto dogo ne, baƙi, da tabarau, bai amsa gaisuwata da fiye da ɗaga kai ba. Ya ja benci ya zauna a bayan aji, ya buɗe takarda a cinya. Darakta ya tsaya a bakin rumfa yana murza hannu.

Na ja layina har allin ya karye. Na kira yaro na farko. Uku da takwas. Ya nuna uku. Na ji alƙalamin sufeto yana tafiya. Na biyu ma haka. Na fara jin ƙurar siminti a maƙogwaro tun ban je ba.

Sai na kira wata 'yar mitsitsiyar yarinya, 'yar limamin unguwa, mai zanen saƙi da ya fi ta girma. Ta zo gaban allo ta tsaya. Da yake ina dab da ita, na ji ta ce “Bisimillahi” ƙasa-ƙasa, ta ɗora yatsa a kan goma, can ƙarshen dama, ta fara tafiya da shi zuwa hagu.

Wayyo ni! Kowace safiya kafin su zo wurina, yaran nan suna zauren malam da allunansu, suna bin baƙin Larabci daga dama zuwa hagu. A wurinsu nan ne farkon kowane rubutu. In ka taso daga goma, ai huɗu ce a gaban bakwai. Ba su taɓa karya dokata ba. Ni ma da haka na fara karatu, amma shekarun lakwal sun mantar da ni, na zo ina fasa musu sanda a banza. Kunya ta kama ni, ga tsoro a kanta.

Kalma biyar ta Hausa ta isa ta warware komai, amma ga mutumin can da alƙalami. Na ɗauki tsumma na goge layin gaba ɗaya. Darakta ya zaro ido. Na ja wani a tsaye, sifiri a ƙasa, goma a sama, na yi masa matakai irin na tsanin rumbu. Na taka da yatsu biyu ina hawa, ina ƙirgawa da ƙarfi. Sannan na nuna wa yarinyar huɗu da bakwai.

Ta ɗaga hannu ta taɓa bakwai. Na kira wani, ya ci. Wani kuma, ya ci.

“Tsaya.” Sufeto ne, da Faransanci, ya miƙe. “A wane littafi ka ga layin lamba a tsaye?”

“Babu, mushe sufeto,” na ce, da kalmar girmamawa ta Faransanci.

“To wa ya ba ka izini?”

Ya karɓi allin daga hannuna, ya ja layi a kwance a gefen tsanina, daidai yadda littafi ya ce. Ya yafito yarinyar. Ya nuna mata biyu da shida.

Ta dubi layinsa, ta dubi tsani. Yatsanta ya nufi dama, ya tsaya a iska. Can sai ta karkatar da kai, ta kwantar da kunne a kafaɗarta ta dama, har layin sufeto ya miƙe mata tsaye. Ta taɓa shida.

Ya ba ta wata, ta ci. Ya juya zai kira wani, sai ya tarar da aji duka an kwantar da kai a kafaɗa, ana jiran tambaya. Ya daɗe yana kallonsu. Ya tambayi yara biyar, ba wanda ya faɗi. Ya rufe takardarsa ya fita.

Na bi shi har mota. Sai da direba ya tada inji sannan ya dube ni, ya yi magana da Hausa, irin tamu ta nan.

“Mi ya sa suke kuskuren?”

“Daga dama suke farawa, ranka shi daɗe. Kamar a allon zauren malam.”

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na ga fuskarsa ta canza.

“Koma ajinka, aikin naka ne,” in ji shi. Ya juya ya dubi rumfar. “Bara malamai biyu na sallama a kan layin ga. Na rubuta cewa ba su iya koyarwa ba.”

Ya ja ƙofar motar a hankali ya rufe.