Akwatin Gwaji Ya Ji, Ni Ban Ji Ba

Jama'a, yau akwati ya fi ni kunne!

Na'urar jin magana da nake maƙalawa ta yi mini shiru tun girbin shinkafa. Ga shi jibi jikata Hadiza za ta sauke Alƙur'ani, ina son in ji karatunta. Sai ƙanena Sale ya kai ni wani asibiti a Kano.

Likita ya sa na'urar cikin wani akwati mai soso, ya haɗa waya, ya rufe. Takarda ta fito da zane hawa da sauka. Ya ciro ta, ya murɗa sautinta har ƙarshe. Sale ya yamutsa fuska saboda ƙara. Ni kuwa tsit!

Na ce, "Likita, ta mutu ko?"

Bakinsa ya motsa. Sale ya manna nasa a kunnena ya ƙwala: "Yaya, wai lafiyarta ƙalau! Ba ita ce ta mutu ba!"

Innalillahi!

Sale ya sake ƙwalawa: "Wai da kake aikin injin casa a Kura, kana toshe kunne?"

Ina fa! Ana ba mu auduga, ni ne mai yi wa masu sawa dariya.

Na ce, "Babu wadda ta fi wannan ƙarfi?"

Likita ya girgiza kai. Wannan kam ban nemi tafinta ba.

Jibi zan zauna gaba-gaba in kalli bakin Hadiza. In na ga mutane sun shafa, ni ma in shafa.